Fis

Shekara talatin ina naɗin waya a Ɗan Gulbi,
a rumfar langa-langa, bayan masu walda.
Hancina ya san injin da ya ƙone
tun mai shi bai sauke shi daga amalanke ba.

Barira ta zo hutu, ɗiyata ta tsakiya,
wadda karatu ya kai ƙasar sanyi, aiki ya riƙe.
Na ce, wai me kike yi can da dare?
Uwarki na faɗa wa maƙwabta likita ce ke.

Ta yi dariya, ta tsuguna,
ta lanƙwasa guntun tagulla ya zama zobe.
Ta ce, Baba, rami ne ƙarƙashin ƙasa, zagaye,
tsawonsa ya yi nan da Madarunfa, ko ya ɗara.
Ciki ƙwayoyin da ido bai taɓa gani ba
suna tsere, haske kawai ke gabansu.
Mayen ƙarfe ke riƙe su bisa hanya,
naɗin waya ne irin naka,
sai dai an sanyaya shi har ƙanƙara ta zama garwashi a gefensa.
A wannan sanyi kuran na wucewa ba gardama,
ba zafi, ba asara.

Na ce, wayar da ba ta zafi?
Na dubi tabon da ke tafin hannuna.

Ta ce, sharaɗi guda: kar ta ɗumama ko kaɗan.
Cikin garken akwai masu ratse.
In suka yi yawa suka daki wuri ɗaya,
wurin ya farka, ya tuna shi waya ne,
ya fara gardama da kuran.
To ka san sauran.

Na san sauran.
Ga shi nan kan tebur, injin niƙan Na-Allah,
baƙi ƙirin, yana warin gashin da ya babbake.
Fis ɗinsa ya yanke sau uku ranar kasuwa,
mata na layi da kwanonin hatsi,
sai ya ɗaure shi da wayar keji mai kauri.
Jikka arba'in yanzu, in na yi masa sauƙi.

Ta ce, mun jera kunnuwa dubbai a bangon ramin,
gwangwanaye cike da iska,
kowane yana ƙirga ɓatattun da suka gifta shi.
Ƙidaya ta haura iyaka,
kafin ƙiftawar ido ta kai rabi
an kore garken duka zuwa turken da aka gina don shan duka.
Ni ce ke zama gaban allo
in duba ko kunnuwan na ji,
in auna iyakar, kar ta yi tsauri, kar ta yi sako-sako.

Wani dare, in ji ta, wajen ƙarfe uku,
ɗan burbushi ya faɗo cikin bututun,
bai kai ƙwayar gero da aka raba dubu ba.
Layi ya miƙe a allo, komi ya tsaya.
Aikin awa goma ya tafi.
Da safe wani dattijo ya zo yana huci,
wai iyakarta ta cika tsoro.
Ba wanda ya ce sannu.
Wa ke gode wa gobarar da ba ta tashi ba?

Nan kuran ya ɗauke, kamar kullum bayan la'asar.
Panka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Na lalubo gwangwanin madara da nake tara fis,
na zaɓi siriri, na amfa biyar,
na sa mata a hannu.

Da dare na ji uwarta ta kan katanga
tana gyara wa Hajiya Tsahara zance:
ba likita ba ce ashe,
wai aikin ubanta ta gada.